Gwangwanin Awon Suga

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ke 'yar nan, ina rubuta wannan ne kuna can kuna ɗaure kaya, lokacin da za ki karanta kuwa kin riga kin sauka Babura. Ina fata kun isa lafiya, ke da maigidanki da Walida, gajiyar hanya da ta jeren ɗaki ta sake ku. Allah Ya sa kun shiga gidan a sa'a, Ya haɗa ku da maƙwabta nagari, Ya tsare ku daga sharrin da kuke gani da wanda ba ku gani.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a cikin kula, alhali jiya muna tsakar gida ɗaya a Gwiwa. Kin san halina, bakina ba ya iya doguwar magana da ke. Sau uku kina tambayata gwangwanin madarar da nake awon suga da shi, kin ce za ki ci gaba da sana'ar zoɓo a can, tunda garin akwai zafi, ga 'yan kasuwa masu shige da fice ta kan iyaka. Na farko na ce ban san inda na ajiye shi ba. Na biyu na ce sai an jima. Na uku na yi kamar ban ji ba, na hau faɗa da akuya. Duk sau ukun ƙarya nake yi. Gwangwanin yana ɗakina, na san inda yake. Tsoro nake ji ki ɗauki awona ki kai sabon gidanki, ki yi wa mijinki da 'yarki abin da na yi wa nawa. Ki zauna ki karanta har ƙarshe, ko da ranki ya ɓaci a tsakiya.

Bari in fara da ke. Da aka haife ki ni yarinya ce, a gidan surukai, kakarki tana da rai. Kin san al'adarmu a kan 'yar fari: ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa a gaban mutane. In kin faɗi kina kuka sai in kau da kai, in jira wata ta ɗauke ki, zuciyata kuwa kamar ta fito. Ana ta yabona, wai matar Malam akwai kunya. To da na fara zoɓo sai na samu hanya. Duk mai sana'ar nan ta san ba a ƙullawa sai an ɗanɗana, sai na mai da ke mai ɗanɗana mini. In na gama haɗawa sai in ce, "Ke, zo ki ji mini ko ya ji suga." Ba mai cewa na yi rashin kunya, ai aiki na sa ki. Ki taho da gudu, ki kama ludayin da hannu biyu, ki shanye, ki ɗago da jan baki ki ce, "Inna, a ƙara kaɗan." Ni kuwa in ƙara, ba don zoɓon yana bukata ba, sai don ki daɗe a tsaye kusa da ni. A yini ɗaya in yi zoɓo, in yi kunun aya, in yi lamurje, kowanne sai kin sha ludayinki, wani har sau biyu.

Haka kika tashi ba ki ɗauki ruwa abin sha ba sai in za ki haɗiyi magani. Kina aji uku aka cire miki haƙori a Kazaure, kina ihu a ciki, ni ina waje a kan benci ina gaya wa mata tsutsa ce ta ci shi. Na san ba wata tsutsa, ludayina ne.

Da na yi hankali da abin ya tsaya a kanki. Sai ga Walida, jika kuwa ba kunya tsakaninmu, sai na saki hannu gaba ɗaya. Tun ba ta iya riƙe kofi ba nake ɗiga mata da cokali. In kin bar mini ita kin tafi unguwa, lemon kwalba nake aikawa a sayo mata, in ce ai ita amaryar gidan nan ce. Ba kya nan ranar da maigidanki ya zo ɗaukarta, ya miƙa mata ruwa, ta kurɓa ta tofar, ta ce, "Ba daɗi, na Kaka nake so." Na yi dariya har da tafa hannu. Shi bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya ɗaga leɓenta na sama da yatsa, ya dubi haƙoran nan na gaba da suka yi baƙi daga gindi, ya sauke leɓen, ya saɓa ta a kafaɗa ya ce, "Inna, mun wuce, a huta lafiya." Na tsaya da ludayi a hannu, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Saboda haka ga nasihata ta farko. Walida ma 'yar fari ce, kuma na lura kin fara kau da kai irin nawa in mutane suna nan. Ki bari. Ki kira sunanta da ƙarfi, ki ɗora ta a cinya, duk mai son ya ce ba ki da kunya ya ce. In kina son nuna mata ƙauna ki nuna da hannunki da bakinki, kada ki zuba mata a kofi. Ki saba mata da ruwa tun da sauran lokaci. Za ta yi kuka kwana biyu ko uku, ta yi birgima, ta kira ni. Ki bar ta ta kira. Ki kuma kai ta a duba haƙoran nan kafin na dindindin su fito su tarar da gidan a ruɓe.

Ta biyu ta shafi sana'ar kanta. Kin taso kina jin mata suna cewa hannuna daban yake, zoɓon gidan Malam ba irinsa daga nan har Roni. Ina jin daɗin maganar, in ce baiwa ce. Yau ki ji baiwar. Shekarar da suga ya yi tsada har masu shayi suka fara rage cokali, wata abokiyar sana'a ta ja ni gefe a kasuwar Kazaure, ta nuna mini wani farin gari a ƙullin leda, ba suna ba takarda. Ta ce sakarin ne, bakin ƙaramin cokali ya ishi bokiti guda. Na saya ina waige-waige kamar mai sayen kayan sata. Yana barin ɗan ɗaci a maƙogwaro, sai na koyi rufe shi da citta da kanumfari. Da suga ya sauko ban daina ba. Sai na riƙa zuba gwangwanin suga cikakke har da tozo, in bi shi da garin, zaƙi a kan zaƙi. Shi ya sa duk yaron da ya saba da nawa, na wani gida salam yake ji. A cikin kwalla nake ɓoye ledar, ƙarƙashin tsofaffin zannuwa, ko ke ba ki taɓa gani ba.

Wata rana matar maƙwabcinmu mai gyaran keke ta shigo da tsohon ciki, ta sayi ƙulli biyu, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ba kya sa garin nan ko? A wajen awo an ce in kiyayi abin da ban san asalinsa ba." Na dafa ƙirji na ce, "Ni? Allah Ya kiyaye." Ta ce, "Ai na sani, shi ya sa nake zuwa nan." Ta tsotse ledar a gabana. Ta haihu lafiya, na gode wa Allah, amma yaron nan yanzu har ya shiga makaranta, kuma har yau in ya gaishe ni ba na iya kallon idonsa sosai.

Daga baya na samu ƙarfin hali na tambayi wata malamar asibiti, na ce wai wata ƙawata ce take sawa. Ta dube ni, ta yi murmushin wadda ta gane ƙawar. Ta ce akwai irin abin zaƙin nan da ake sawa a lemon da ake cewa ba suga a ciki, wancan aƙalla an auna shi, amma ko shi ba magani ba ne, yana barin harshe yana ta neman zaƙi, kuma ba a so mutum ya mai da shi ruwan shansa. Na leda kuwa, ta ce, ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki, balle a san yawan da jiki zai ɗauka. To ki ji. A kasuwar can ma za ki samu mai jan ki gefe, kada ki bi ta. Duk abin da ba za ki iya zubawa a gaban mai saye ba, kada ya shiga bokitinki. In an tambaye ki abin da ke ciki, ki faɗa tiryan-tiryan, ko da mai tambayar za ta juya ta tafi.

Yanzu ga wadda ta sa na kasa yi miki magana baki da baki. Na ajiye biron nan sau biyu kafin in iso nan.

Kin tuna lokacin da babanku ya fara rama, yana shan ruwa kamar ba gobe, yana yawan zagawa, ya je gona ya dawo tun hantsi ya ce jiri. Muka je asibiti a Kazaure aka ce ciwon suga ne. Likita ya ba shi magani, ya juyo gare ni ya ce abin sha mai zaƙi ya fi komai saurin tayar da ciwon, don shi ba ya tsayawa a ciki, nan da nan yake bin jini. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ni ce mai haɗawa, zan riƙa yi wa Malam nasa daban. Na sayo kofin silba mai murfi musamman, kin san shi. Kwana shida na cika alkawari. Kullum sai ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan ai ruwan rini ne," ya ture, kofin ya dawo mini a cike. Ni kuwa kin san ni, ba na jure a dawo mini da kwano. Duk unguwa ana layi a kan zoɓona, a ce mijina ne mai turewa? Sai kuma aka gaya mini an gan shi a shago ranar kasuwa da kwalbar lemo a hannu. Raina ya ɓaci, na ce in dai zai sha, gara ya sha nawa.

Ran na bakwai na sa rabin cokali. Ya shanye, ya ce, "Yau kam an yi abin kirki." Daɗi ya kama ni kamar amarya. Rabi ya zama ɗaya, ɗaya ya zama biyu. Kafin azumin shekarar ya zo na daina ma wahalar da kaina, daga bokitin kasuwa nake ɗebowa in cika kofin in rufe. Murfin nan ne kaɗai ya bambanta nasa da na kowa. Kuma ke nake ba ki kai masa. Kina zuwa gida shan ruwa, ki ɗauka da ladabi ki durƙusa ki ce, "Baba, ga naka marar suga." Ina jin ki daga madafi. Na sa kin kai wa mahaifinki ƙarya da hannunki, ba ki sani ba. A azumin nan kofi biyu yake sha kafin ya tashi salla.

Da kaka, lokacin girbi, kututturen dawa ya soke shi a tafin ƙafa, bai ma ji ba sai da ya ga jini a takalmi. Sauran kin gani da idonki: ciwon da ya ƙi warkewa, warin da muke rufewa da turare, komawa asibiti. Abin da ba ki gani ba shi ne lokacin da kika fita sayo magani. Likita ya duba takardar gwaji, ya girgiza kai, ya dube ni ya ce, "Inna, kin tabbata abin shansa ba suga? Maganin da yake sha bai kamata a ga haka ba." Kafin in samu abin cewa sai babanku ya ɗaga hannu daga kan gado ya ce, "Likita, bar ta. Tana iya ƙoƙarinta. Ni ne nake satar jiki in sha a waje." Likita ya yi masa faɗa sosai a gabana, kamar ƙaramin yaro, dattijo da furfurarsa. Ni ina tsaye, na bar shi ya ɗauki laifin.

Bayan an yanke ƙafar da kwana uku, da la'asar, kowa ya fita salla, na matsa kusa na ce, "Malam, me ya sa ka yi wa likita ƙarya?"

Ya ce, "Ke me ya sa kika yi mini?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Tun ranar da kika fara sa suga na sani. Shekara nawa ina shan zoɓonki, a ce in kasa gane suga? Ina so ne, ke kuma kina so in ce ya yi daɗi. Mu biyu muka yi abinmu. Ki share hawayenki, kuma kada yara su ji."

Na riƙe maganar har ya koma ga Allah, na ci gaba da riƙe ta shekara huɗu bayan haka. Yau na saɓa masa, Allah Ya yafe mini, don in na yi shiru wani kofin mai murfi zai samu wurin zama a gidanki. Na san ajali na Allah ne. Na kuma ji likita yana cewa ciwon yana bin jini a dangi, yana da dalilai da yawa, ban ce ni na ɗora masa ba. Amma ni aka ba amanar kofin. Mutum ɗaya ne a gidan nan da zai iya cewa a'a, ni ce, na kuwa zaɓi a yaba mini.

To ki ji ni da kyau. Duk ranar da aka hana wani a gidanki wani abu saboda lafiyarsa, ki jure ɓacin ransa. Ya ture kofi, ya yi tsaki, ya yini bai yi miki magana ba, duk ki haɗiye. Fushin miji a kan zoɓo marar zaƙi ba ya kai la'asar. Na ga babanku yana koyon alwala da ƙafa ɗaya, wannan kuwa bai taɓa barin idona ba. In kuma likita ya tambaye ki, ki faɗi gaskiya tun da farko, kunyar ranar ta fi sauƙi.

Saura guda ɗaya, ita ce mafi gaggawa. Da kina da cikin Walida an ce miki suganki ya hau, aka ce ki koma a sake gwadawa bayan kin haihu. Kin zo kin gaya mini hankalinki a tashe, na ce, "Rabu da su, sharrin ciki ne, mu da muka haifi shida wa ya gwada mu?" Kika ji maganata ba ki koma ba. Ban faɗi haka don na san wani abu ba. Tsoro nake ji a gwada a ce akwai, a fara tambayar me kika taso kina sha. Kuma ki sani, ni ma an same shi a jikina tun bara. Ganin da nake cewa ya ragu saboda tsufa, ba tsufa kaɗai ba ne. Ƙwayoyin da kika gani a ƙarƙashin filo na ce na ciwon gwiwa ne, na suga ne. Uwa da uba duka ke nan, ke kuma ga abin da aka gaya miki da ciki. Kada ki jira sai kin gama jeren ɗaki, kada ki jira sai kin saba da gari. A makon nan ki sa maigidanki ya ɗauke ki a babur ya kai ki asibiti a gwada jininki. In an ce lafiya, ki riƙa komawa lokaci-lokaci. In an ce akwai, ba ƙarshen duniya ba ne, ga ni ina shan maganina ina yawona. Ki kira ni ki gaya mini ko ma mene ne, ba zan ce rabu da su ba.

Sana'a kuwa ban hana ki ba, ita ta yi muku sutura. Zoɓo ba shi da laifi, mu muka lalata shi. Wata uku ke nan ina gwada wani haɗin, kina ma sha kina cewa hannuna ya fara tsufa, ina jin ki ina yin shiru. Ki wanke zoɓon sosai, ki jiƙa shi kada ki dafa ya yi ta tafasa, tsamin ba zai yi yawa ba. Ki sa ɓawon abarba da na'ana'a da citta, ƙamshi yana rage wa harshe neman zaƙi. Kada wani ya ruɗe ki da cewa zuma ko dabino ba komai, su ma zaƙi ne, sai da lissafi. Ba zan ɓoye miki ba, wasu masu sayen sun gudu, yaran makaranta ma har waƙa suka yi mini. Amma dattawa sun fara aikowa, akwai ma mai zuwa daga Roni ranar kasuwa ya cika gora biyu ya kai wa mahaifiyarsa. In baƙo ya zo gidanki ki fara ba shi ruwa mai sanyi a kofi mai tsabta, kada ki ji kin gaza don ba ki aika an sayo lemo ba.

Gwangwanin da kika nema yana ƙasan kular nan, na naɗe shi a ɗankwali. Kada ki tsorata in kin buɗe. Shekaranjiya na kai shi wajen maƙeri na ce ya yanke shi, ya bar kashi ɗaya cikin uku na ƙasa, ya lanƙwashe bakin kada ya yanke miki hannu. Ya yi ta juya shi yana dariya, ya ce, "Inna, me za ki yi da guntun gwangwani?" Na ce gado zan bayar. Wannan guntun shi ne awonki na bokiti guda, a shafe, ba tozo, kuma ba abin da zai biyo bayansa daga leda. Na saman da aka yanke yana wurina. Na rataye shi a ƙusar da kofin babanku yake, kullum ina ganinsu tare in na tashi, wannan rabona ne ba naki ba.

Ki yafe mini ludayin da na ba ki, ki yafe mini kofin da na sa kika ɗauka. In ba za ki iya yanzu ba, zan jira, ba na gaggawa. Ki gaishe da maigidanki, ki ce masa na ga abin da ya nuna mini ranar, na kuma gode da bai faɗa ba. Ki shafa mini kan Walida, ki ce Kaka ta ce ruwa yana da daɗi.

Allah Ya tsare ku a zaune da tafe, Ya raba ku da ciwon da ya shiga gidanmu, Ya jiƙan babanku Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya yi miki albarka, Rukayya. Ga shi na rubuta sunanki, shekara ashirin da bakwai ina riƙe da shi a baki.

Wassalam,
Innarki.